Kirari: Maganar da Ba Ta da 'Yan Amshi

Kalmomi biyu ne masu sauraron rediyo, har da wasu 'yan jarida, suke cuɗanyawa a yau: take da kirari. A Illela, inda kokawa da dambe ba su taɓa zama baƙi ba, dattijo ba zai yi wannan kuskure ba. Take na makaɗi ne. Kalangu ko ganga ke faɗarsa, mai shi ya ji, tsikar jikinsa ta tashi. Kirari kuwa na baki ne, murya ɗaya, ba rerawa, ba 'yan amshi. Ɗan wasa yakan tsai da kiɗa, ya fito tsakiyar fage, ya ɗaga murya ya jero sunan ubangidansa da garinsa da mazajen da ya kayar.

Abin da ya ba kalmar nauyi shi ne cewa mai yin ta yana jingine da jikinsa. Ɗan kokawar da ya kira kansa bango, nan take za a fito masa da abokin karawa, jama'a su gani ko bangon na ƙasa ne ko na kara. Haka maharbi, haka ɗan tauri da wuƙarsa. Ko Ɗan'anace, da duk ƙarfin muryarsa, waƙa ya yi wa Shago; kirarin da Shago zai yi wa kansa a fage ba wanda zai ɗauke masa.

Kalmar ta daɗe. Tarihin Sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya adana kirarin sarakuna da dama, abin da ke nuna cewa tun da can akwai kirarin da wani ke yi wa wani. Garuruwa suna da nasu, dabbobi ma haka, kowane iska a bori da nasa.

Iyakar da Ingila da Faransa suka daidaita a 1906 ta bar Illela a Najeriya, Birnin Ƙonni a Nijar, amma ba ta raba fagen ba. Nijar ma ta ɗaukaka abin: tun 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, kirarin 'yan kokawa ya shiga rediyo, daga baya talabijin, kuma mutanen wannan gefe suna bin gasar kamar tasu.

A namu ɓangaren kalmar ta fi karkata wajen maroƙa da sanƙira. A gangamin siyasa za ka ji an ce “a yi wa mai girma kirari”, a miƙa wa wani lasifika, ya kira ɗan takara giwa ko zaki, a yi masa liƙi. Ba na cewa wannan ba kirari ba ne. Fadawa sun yi irinsa ɗaruruwan shekaru. Sai dai a ganina rabin ma'anar ce kawai ta hau mumbarin, domin wanda aka kira giwar yana zaune a kujera, kuma ba a fito masa da kowa.