Labarin Dinarin Rumawa

Jama'a, kalmar nan dinari da muka karɓa daga Larabawa, su ma aro suka yi. Asalinta denariyus, sunan wani kuɗin azurfa na Rumawa wanda faɗinsa bai wuce na sisin da ba. Har harafin d da aka riƙa rubutawa a madadin kwabo, kafin zuwan naira a 1973, daga wannan suna aka ciro shi.

An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Rumawa ke fama da yaƙin Hanibal. Nauyinsa giram 4 da rabi ne, an kuwa sa masa alamar X, wato goma, domin ƙananan kuɗin tagulla goma ake ba da shi. A shekara ta 44 kafin Annabi Isa, Yuliyus Kaisar ya sa aka buga kansa a jiki tun yana da rai, abin da ba a saba yi a birnin Rum ba. A cikin shekarar aka kashe shi.

Mai tara irin wannan kuɗi, in ɗaya ya shigo hannunsa, rubutun da ya kewaye kan sarki zai fara dubawa. IMP da AVG laƙaban sarauta ne. TR P kuwa wani iko ne da ake sabunta wa sarki kowace shekara, saboda haka lambar da ta bi shi ita ke nuna shekarar bugu. Daga nan sai ya ɗora a ma'auni, ya duba gefe, gama tun zamanin Rumawa akwai 'yan jabu masu lulluɓe tagulla da azurfa.

To, amma babban mai algus ɗin shi ne mai sarauta. A zamanin Agustus dinari kusan azurfa ce zalla. A shekara ta 64 bayan Annabi Isa, Nero ya rage masa nauyi, ya ƙara garwaye. Zamanin Saftimiyus Safirus azurfar ta koma wajen rabi. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi mai rawani da tsinkaye kamar hasken rana, aka ce a bakin dinari biyu yake, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Albashin soja ne ya fi ƙarfin baitulmali, sarakuna suka ga ha'inci ya fi ƙarin haraji sauƙi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan kasuwa suka tsawwala farashi, masu tsohon dinari suka binne shi cikin tukwane, ga shi har yau manoman Turai suna tono shi. Marubutan fada suna iya yabon sarki yadda suka so, amma kai mai karatu, in kana neman sanin adalcinsa, auna kuɗinsa. Allah ya tsare mu da tauye mudu, amin.