SERPICO: ƊAN SANDAN DA YA ƘI KARƁAR AMBULAN

Cikin tsofaffin finafinan Amurka na 'yan sandan farin kaya, kaɗan ne suka kai Serpico, wanda Sidney Lumet ya bayar da umarninsa a 1973, Al Pacino ya fito a matsayin jarumi. Labarin da gaske ya faru.

Frank Serpico ɗan Brooklyn ne, iyayensa 'yan asalin Italiya. Ya shiga rundunar 'yan sandan New York a 1959, daga baya aka mayar da shi sashen farin kaya masu farautar 'yan caca. Ya tara gemu da suma, yana ɓad da kama har ba a gane shi a titi. A can ya tarar abokan aikinsa suna karɓar kaso duk wata daga hannun 'yan cacar da aka tura su kamawa. Da aka miƙo masa tasa ambulan, ya ƙi. Daga nan ya zama bare, domin wanda bai ci ba shi ake tsoron ya tona.

Ya kai ƙara wurin manya, aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Sai bayan da jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko a watan Afrilun 1970, magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin Knapp. Kwamitin nan ne ya kasa masu cin hanci gida biyu: masu cin ciyawa, wato masu karɓar ɗan abin da ya samu, da masu cin nama, waɗanda ke fita nemansa da gangan. Rahoton ya ce na farkon sun fi yawa, kuma shirunsu ne ke rufa wa na biyun asiri. Wannan batu ya fi duk wani harbi na cikin fim ɗin nauyi.

Ranar 3 ga Fabrairu 1971, wajen kamen dillalan ƙwaya a Brooklyn, aka harbe shi a fuska a bakin ƙofa, alhali abokan aikinsa na bayansa. Wani dattijo maƙwabci ne ya kira agaji. Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya kurumce. Ya bayar da shaida gaban kwamitin a Disamban shekarar, ya ajiye aiki a 1972, ya tattara ya koma Turai.