Horar da jami'an lafiya na karkara kan lafiyar ƙwaƙwalwa: Abin da ya kamata a sani

Idan taɓin hankali ya kama mutum a Sanyinna, ko a wani ƙauye na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, asibitin ƙwararru da aka fi sani shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100, Kware kuwa tana gaba, a arewacin birnin. Kuɗin mota, da na ɗan rakiya, da kwanakin gona da za a rasa, kan sa iyali su haƙura da tafiyar. Wanda ke kusa da marar lafiya shi ne malamin asibitin garinsu. Horar da shi, da ci gaba da ƙara masa sani yana bakin aiki, shi ne abin da wannan bayani ya ƙunsa.

Su wane ne jami'an?

A cibiyoyin lafiya na matakin farko akasari ba likita ake tararwa ba. Akwai jami'in lafiyar al'umma da ake kira CHEW, wanda ke karatun shekara uku, da ƙaramin jami'i JCHEW mai karatun shekara biyu, da babbansu CHO, sai ma'aikatan jinya da ungozoma. Hukumar yi wa jami'an lafiyar al'umma rajista, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba su lasisi. A Jihar Sakkwato, Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa na cikin makarantun da ke yaye su. Aikinsu na kullum ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da awon ciki, don haka ɗan abin da suka karanta kan ƙwaƙwalwa a makaranta yakan dushe idan ba a sabunta shi ba.

Asalin tsarin

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. A 1991 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa da ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan matakin farko, aka sabunta ta a 2013. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Dalilin mayar da hankali ga ƙananan jami'ai shi ne ƙarancin ƙwararru. Ƙiyasin da ake yawan ambato shi ne likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Don magance irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, ta sake gyara shi a 2016. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun daidaita jagoran da yanayin Najeriya, suka gwada shi a Jihar Osun. An kuma yi aiki da shi a Binuwai, da Borno bayan rikicin Boko Haram.

Abin da ake koyarwa

Jagoran ya ƙunshi ciwon damuwa mai tsanani, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da matsalolin ɗabi'a na yara da matasa, da ciwon mantuwa na tsufa, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai. Horon farko yakan ɗauki kusan mako guda, kuma ba lacca kaɗai ba ce. Mahalarta kan yi kwaikwayo, wani ya zama marar lafiya, wani ya zama jami'i, har sai sun iya tambaya cikin natsuwa da kiyaye sirri.

Darasi na farko shi ne ganewa. Mai ciwon damuwa ba safai yake cewa ransa a ɓace yake ba. Ciwon kai zai kawo, ko rashin barci, ko zafin jiki da ba ya jin maganin zazzaɓi. Ana koya wa jami'i ya tambayi ko baƙin cikin da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu, ya kuma tabbatar ba wata cuta ta jiki ce ta kawo ruɗewar ba, kamar sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Na biyu shi ne magani. Akwai magunguna kaɗan masu sauƙin kuɗi: amitriptyline ko fluoxetine don ciwon damuwa, haloperidol ko chlorpromazine don taɓin hankali, phenobarbital ko carbamazepine don farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Jami'i yana koyon farawa da ƙaramin awo, da lura da illa, da gargaɗin iyali kada a tsayar da magani farat ɗaya.

Na uku shi ne sanin iyaka. Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, da mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, da wanda jijjigarsa ta ƙi tsayawa, ana ba su taimakon gaggawa ne a tura su gaba, zuwa babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kware.

Abin da ke biyo bayan horo

Gwajin da aka yi a jihohi daban-daban ya nuna abu guda: taron bita shi kaɗai ba ya wadatarwa. Tsarin mhGAP ya tanadi a horar da masu horarwa da masu sa ido, su riƙa ziyartar jami'i a cibiyarsa, su duba rajistar marasa lafiya, su zauna da shi yana ganin mutane, su gyara masa kuskure. Tsakanin ziyara, wayar salula tana ba shi damar tuntuɓar ƙwararre.

Sai magani. Jami'in da ya gano farfaɗiya amma kantar cibiyarsa babu komai, ya mayar da iyali inda suka fito. Haka kuma sauyin wurin aiki: idan aka horar da mutum ɗaya a cibiya sannan aka ɗauke shi, ilimin ya tafi da shi. Shi ya sa ya fi a horar da aƙalla biyu, har da mace, domin matan aure da yawa sun fi sakewa su faɗi damuwarsu ga 'yar'uwarsu mace.

Malamai da masu gari

A ƙasar Hausa, iyali kan fara da ruƙiyya ko maganin gargajiya, domin ana danganta ciwon da iska ko sammu. Horo mai kyau ba ya sa jami'i ya yi gaba da malamai. Yana koya masa ya zauna da limami da hakimi da mai unguwa, a fahimci juna cewa addu'a ba ta hana shan magani, kuma a daina ɗaure mutane da mari ko dukansu. Samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ya nuna abin da ke faruwa idan iyali ba su da wani wurin zuwa.

Shaye-shaye ma na buƙatar irin wannan haɗin kai. Binciken da aka fitar a 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, ciki har da tramadol da maganin tari mai kodin.

Ga mai karatu da ke son sanin ko horon ya isa garinsu, tambayoyin da zai yi a cibiyar lafiya su ne: akwai wanda aka horar? Yaushe mai sa ido ya zo na ƙarshe? Akwai magani a kanta? Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, ina suke tura mutum? Amsoshin nan ne ya kamata kwamitin raya mazaɓa ya kai wa hukumar lafiya ta matakin farko ta jiha.