Ruwa da Rusau: Waiwaye Kan Tarihin Unguwarmu ta Brik

'Yan'uwa, a bikin cikar ƙungiyarmu ya dace mu waiwayi unguwar da ke sauke fatakenmu a Yawunde. Kakanninmu sun iso garin tun zamanin Jamus, suna fataucin goro, tufafi da shanu. A zamanin Faransa aka matsar da su daga tsakiyar gari zuwa Ekoudou, inda ake gasa jan bulo. Daga nan sunan Briqueterie ya samo asali, muka gajarta shi zuwa Brik.

Tudu ne da rafuka biyu suka saka a tsakiya, Abiergue da Ekozoa, ruwansu kuma yana ƙarewa a Mfoundi. Waɗanda suka riga zuwa sun kama tudu. Baƙi, 'yan dako da masu ƙaramin jari sai suka gangara fadama, inda haya ke da sauƙi. Yawunde na da damina biyu a shekara, kuma a Satumba da Oktoba su ne ke kwana suna kwalfe ruwa daga ɗaki.

Da ambaliya ta addabi Avenue Kennedy da babban gidan waya, Bankin Raya Afirka ya amince a 2005 da shirin PADY, aka gina magudana mai tsawon kilomita 3.5 a kan Mfoundi. Tsakiyar gari ta ɗan samu sauƙi. A shekarun nan ne kuma rusau ya bi ta Etetak da Ntaba, har ya taɓa gefen Brik. Tun da doka ta ɗauki fadama a matsayin filin gwamnati, wanda ba shi da takardar fili da wuya ya ga diyya. Iyalai da dama suka koma wata fadamar ko gindin dutse. Haɗarin irin wannan zama ya fito fili ranar 8 ga Oktoba 2023, lokacin da zaftarewar ƙasa a Mbankolo ta kashe mutum kusan 30.

Namu laifin yana nan. An hana siririyar leda tun 2014, amma har yau muna ƙulla kaya a ciki, ita ce kuma ke toshe lambatu.

Saboda haka aiki biyu ke gabanmu. Mu yashe lambatun kofar shagunanmu kafin kowace damina. Mu kuma sa wakilanmu, tare da sarakunan unguwa da limamai, su halarci duk zaman da za a tsara magudana ko rusau, su tsaya a kan cewa kada a tashi kowa sai an nuna masa inda zai koma.

Allah ya kare mu da dukiyoyinmu.