Hayaniyar da Ta Zama Fitila: Tarihin Sauraren Cikin Ƙasa

Tun da aka fara ƙera na'urorin auna girgizar ƙasa, masana suka lura cewa allurarsu ba ta taɓa tsayawa cik. Ko babu girgiza, sai a ga tana ɗan karkarwa dare da rana. Suka kira wannan motsi hayaniya, suka riƙa share shi daga bayanansu. Mai son ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa sai ya tayar da girgizar da kansa. Ta wannan hanya aka gano tudun gishiri na Orchard a jihar Texas ta Amurka a shekarar 1924: aka fasa nakiya, aka auna saurin da motsinta ya ratsa duwatsu.

A 1950 Michael Longuet-Higgins, masani ɗan Ingila, ya bayyana cewa karon igiyoyin teku da juna ne ke haifar da babban kaso na wannan karkarwa. A 1957 Keiiti Aki na Japan ya nuna cewa tana ɗauke da labarin duwatsun da ta ratso, sannan a 1968 Jon Claerbout ya kawo lissafin da ke nuna za a iya fitar da siffar ƙasa daga cikinta. Amma sai da kwamfuta ta yi ƙarfi maganar ta tabbata. A 2005 Nikolai Shapiro da abokan aikinsa suka zana taswirar ƙarƙashin kudancin Kalifoniya da hayaniyar wata guda kacal.

Dabarar ita ce a kwatanta abin da na'urori biyu suka ji, a gano lokacin da motsi ya ɗauka daga wannan zuwa waccan. Dutse mai tauri kan gaggauta shi, mai laushi ko tsattsage kan jinkirta shi.

Masu neman ma'adinai sun fi kowa buƙatar wannan, domin yawancin abin da ke a sarari an riga an tone. Ma'adanar tagulla ta Olympic Dam a Ostareliya, wadda aka gano a 1975, tana kwance ne ƙarƙashin fiye da mita 300 na wasu duwatsu. A yau kamfanin Fleet Space na birnin Adelaide yana jera ƙananan na'urori a daji, suna aika abin da suka ji ta tauraron ɗan'adam, ba tare da fasa nakiya ba.

Sai dai taswirar saurin motsi take nunawa, ba tagulla ko zinariya ba. Tana rage ramukan banza ne kawai, haƙa ce ke yanke hukunci. Duk da haka, abin da aka share shekara da shekaru shi ne yau ke nuna inda za a haƙa. Raina kama ka ga gayya.