Duwatsun Fanisau: Waiwaye Kan Tarihin Tsaunukanmu

Da yawa daga cikinmu 'yan asalin Fanisau da harkar neman abinci ta kawo cikin birni, ranarmu takan fara ne ta kuma ƙare a gefen Titin Ibrahim Taiwo. Wasunmu suna da rumfa a Kantin Kwari, wasu a kasuwar Singa, wasu kuma suna aikin ofis ko sana'ar hannu tsakanin Fagge da Sabon Gari. Daga wannan titi zuwa gida tafiya ce da ba ta kai awa guda ba a mota, ko da an haɗu da cunkoso. Amma idan muka tambayi kanmu yaushe rabonmu da hawa duwatsun garinmu, da yawanmu sai mun yi lissafi da shekaru. Mukan je ɗaurin aure, mukan je ta'aziyya, mu gaisa da dangi a zaure mu juyo kafin magariba. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni kuwa, akwai waɗanda ba su taɓa taka dutsen ba ko sau ɗaya.

Wannan ne ya sa a fitowar mujallarmu ta bana muka ga ya dace mu waiwayi tarihin waɗannan duwatsu, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da muke son nunawa shi ne, duwatsun nan su ne dalilin kafuwar garin, su ne suka ba shi suna da matsayi a tarihin Kano.

Mazauna tsaunuka kafin Bagauda

Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tsaunuka da ke tasowa nan da can. Mutanen farko sun zaɓi zama a gindin waɗannan tsaunuka saboda tsaro da farauta da kuma tama da ake haƙowa a ƙera ƙarfe. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa tun a ƙarni na 7 ana narka tama a gindin Dala. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da labarin waɗannan mutane: Barbushe a kan Dala yana hidimar Tsumburbura, sauran manya kuma kowa da tsauninsa.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne, a cikin wuraren da littafin ya ambata a wannan zamani na farko akwai Goron Dutse da Magwan da Jigirya da Tanagar, akwai kuma Fanisau. Ma'ana, sunan garinmu ya shiga rubutaccen tarihi tare da Dala, a labarin zamanin da ya gabaci zuwan Bagauda, wanda aka lissafa sarautarsa daga shekarar 999. A tsohuwar Hausa, kalmar fa tana nufin falalen dutse, Nisau kuma suna ne da ya zo cikin jerin manyan mutanen Barbushe. Shi ya sa ake fassara sunan garin da cewa dutsen Nisau ne. Duk lokacin da muka faɗi sunan garinmu, ashe dutse muke ambata ba tare da mun lura ba.

Daga baya Dala ta rinjayi sauran tsaunukan. Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a wajajen farkon ƙarni na 12, Sarki Yaji ya ci Santolo da yaƙi a ƙarni na 14 bayan zuwan Wangarawa da Musulunci, Muhammadu Rumfa kuma (1463–1499) ya gina gidan sarauta da kasuwar Kurmi. Birni ya girma a cikin ganuwa, tsaunukan da ke wajenta suka koma ƙauyuka masu noma suna ciyar da shi.

Ribaɗin Sarki Ibrahim Dabo

Zamanin da ya fi ɗaukaka sunan Fanisau shi ne na bayan jihadi. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta har 1846. Farkon mulkinsa ya zo da tawaye ta ɓangarori da dama, mafi tsanani shi ne na Ɗan Tunku daga arewa, wanda ya kafa masarautar Kazaure. Mayaƙansa sukan kai hari har kusa da birni. Sarki yana bukatar wurin da zai tsaya tsakanin abokan gaba da ganuwa, inda za a iya hango ƙurar dawaki tun daga nesa, inda kuma mayaƙa kaɗan za su iya tare masu yawa. Duwatsun Fanisau, da ke arewa maso gabas da birni, sun cika waɗannan sharuɗɗa.

Haka garin ya zama ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka mai ganuwa inda mayaƙa ke zaune da iyalansu, suna noma da damina suna tsaro a kowane lokaci. Wannan tsari ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa a duk faɗin daula, shi kansa ma ya zauna a ribaɗinsa na Wurno. Sarki Dabo ya gina gida a Fanisau, yakan kuma tare a can na tsawon lokaci idan yaƙi ya taso.

Akwai shaidar wannan daga bakin baƙo. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, bayan ya ratso sahara ta Barno. Bai sami Sarki a cikin birni ba, aka gaya masa yana sansani saboda yaƙin Ɗan Tunku. Dole ya hau doki ya zo Fanisau ya yi gaisuwa ya miƙa kyaututtukansa. A littafin tafiyarsa ya kiyasta mutanen birnin Kano tsakanin 30,000 da 40,000. Mu tsaya mu yi tunani: Baturen da ya fara bai wa mutanen Turai cikakken bayanin Kano da ya gani da idonsa, a gindin duwatsunmu ya gana da Sarkinta.

Gandun sarki da abin da ba mu cika faɗa ba

Tarihi amana ne, ba ya kyautuwa a faɗi mai daɗinsa a ɓoye mai ɗacinsa. Ribaɗi yana bukatar abinci ga mayaƙa da harawa ga dawaki, kuma waɗanda suka noma wannan abinci a gandayen sarki da na manyan fada galibinsu bayi ne da aka kamo a yaƙe-yaƙe ko aka sayo a kasuwa. Fanisau ta zama ɗaya daga cikin sanannun wuraren gandu a ƙasar Kano a ƙarni na 19, har masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan gandayenta, wanda aka buga a 2011, ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka ɗauka daga bakin dattawan garin.

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, bauta ta riƙa ja da baya sannu a hankali, sai a 1936 doka ta soke ta baki ɗaya a Arewa. Jikokin bayi da jikokin 'ya'ya sun yi auratayya sun zama al'umma guda, kuma babu mai hankalin da zai tono asalin wani domin gori. Amma gonakin da muke hangowa daga kan dutse, guminsu ne ya share su. Haƙƙinsu ne a kanmu mu tuna da su da addu'a kamar yadda muke tuna sarakai da mayaƙa.

Yadda birni ya matso

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, manoman kewayen birni suka shiga nomanta gadan-gadan. A wannan lokaci ne Sabon Gari ta kafu domin baƙi daga kudu, Fagge kuma, wadda da can zangon ayarin raƙuma ce daga Azbin, ta cika da kantunan Kwara da sauran fatake. Titin da muke zaune a gefensa yau ya ratsa tsakiyar wannan sabuwar Kano ta kasuwanci. Sunan da yake ɗauke da shi na Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Jihar Kwara da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed.

Wannan kasuwanci ne ya jawo iyayenmu daga gona zuwa birni, shi ne kuma ya tura birnin zuwa ƙofar gidanmu. Filin jirgin sama ya zauna a maƙwabtanmu, aka kafa yankin ciniki maras shinge a Fanisau, gine-gine suka biyo hanyar Jaba suna cin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Garin da aka kafa domin ya tsare birni daga nesa, yau birnin ya kusa haɗiye shi.

Abin da ya rage yana tuna wa mutane tsohuwar alaƙa shi ne Hawan Fanisau, wanda bisa al'ada Sarki kan yi a bukukuwan Babbar Sallah, ya fito da hakimai ya yini a gidansa na garin ya koma da yamma. Waɗanda suka tashi a zamanin Marigayi Alhaji Ado Bayero (1963–2014) ba za su manta yadda yara kan cika kan duwatsu suna jiran hango ƙurar dawaki ba, a daidai inda 'yan tsaron Sarki Dabo suka taɓa tsayawa suna duban wata ƙurar daban. A Babbar Sallar 2024 hukumomin tsaro sun hana hawa a Kano, a watan Disamba na shekarar kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Abubuwan biyu sun koya mana cewa al'ada tana iya samun yabo a waje alhali tana fuskantar tangarɗa a gida.

Mu koma mu hau

Ba sai an yi dogon shiri ba. Mutum ya zaɓi safiyar Asabar a ƙarshen damina, lokacin da ƙura ta kwanta gero ya fitar da kai, ya ɗauki 'ya'yansa su bar mota a cikin gari su taka da ƙafa. A fara da gaida dattawa, a bi ta wajen gidan Sarki, sannan a nemi yaron gari ya yi jagora zuwa kan dutse. Daga sama a juya kudu maso yamma a dubi birni, a nuna wa yara inda Dala da Goron Dutse suke, a gaya musu cewa Baturen Jamus Heinrich Barth ya hau Dala a 1851 ya zana hoton Kano daga can. Sannan a juya arewa, ta inda mahara kan ɓullo, a bar su su gane da idonsu dalilin da ya sa Sarki ya zaɓi wannan wuri. Gani ya kori ji.

Akwai kuma aikin da ya wuce yawon buɗe ido. Mun ga yadda gidaje suka matse Dala, zaizaya tana cin gefenta, duk da cewa tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tare da ganuwa da kasuwar Kurmi. Idan haka ta sami Dala da ke gaban idon kowa, duwatsun ƙauye ba su da mai kare su daga masu fasa dutse da masu yanka filaye sai 'ya'yansu. Muna ba da shawara ƙungiya ta zauna da masu unguwanni da ƙaramar hukumar Ungogo a shata iyakar duwatsun a rubuce. Ɗalibanmu da ke manyan makarantu su ɗauki muryoyin tsofaffi, maza da mata, a kan sunayen duwatsu da tsofaffin hanyoyi da inda ganuwa ta bi, tun suna raye. A kuma ware rana guda a shekara da 'yan birni za su zo da iyalansu a hau tare.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, na fada da na gandu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin.