Richmond Palmer da Kusheyin Durɓi: Rayuwar Mai Tara Kayan Tarihi



A ƙarni na 19 Turawa sun ɗauki tara kayan mutanen da a matsayin alamar ilmi da ɗaukaka. Alal misali, Bajamushen nan Heinrich Schliemann ya haƙa tudun Hisarlik a Turkiyya yana neman birnin Troy wanda tsoffin waƙoƙin Girkawa suka ambata. A 1873 ya tono zinariya ya fitar da ita a ɓoye, amma garin gaggawa ya rurrushe gine-gine masu yawa waɗanda suka cancanci nazari. Irin wannan sha'awa ce wani Bature ya zo da ita ƙasar Katsina, watau Herbert Richmond Palmer.

An haifi Palmer a Ingila a 1877, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya iso Arewa a 1904. Da goyon bayansa aka naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina a 1906. A 1907, bisa amincewar Sarki Dikko, ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, inda tarihin baka ya ce an binne sarakunan Katsina na farko. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma duk sun salwanta, bayanin da ya bari game da su kuwa bai taka kara ya karya ba.

Sha'anin takardu kuwa dabam ne. Da taimakon malamai ya tattara rubuce-rubucen Larabci, ya buga fassarar Tarihin Kano a 1908, sa'an nan Sudanese Memoirs, juzu'i 3, a 1928. Masana sun yi watsi da ɗabi'arsa ta jingina asalin al'ummunmu ga ƙasashen Gabas don kawai sunaye sun yi kama, amma da yake an buga nassoshin, kowa na iya dubawa ya gyara. Ya zama Laftanan Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya mulki Gambiya, sa'an nan tsibirin Kubrus, inda Girkawa suka fi yawa, daga 1933 zuwa 1939. Ya rasu a 1958.

A 1992 aka koma Durɓi ta Kusheyi bisa jagorancin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth. Wannan karo an kiyaye inda kowane abu ya fito: 'yan kunnen zinariya, duwatsun ado, wuri, da tasa mai alamar aikin Masar. Su ne suka tabbatar da cewa ƙasar Katsina tana cikin cinikin Sahara tun ƙarnonin 13 zuwa 16.

To, abin lura shi ne, darajar mai tara kayan tarihi ba a yawan abin da ya tono take ba, a'a, tana ga abin da ya adana ya kuma bayyana. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Idan garma ta turo tsohuwar tukunya a gonakin Mahuta ko wani ƙauyen Funtuwa da Malumfashi, kada a fasa ta don neman dukiya, kada kuma a sayar wa dillali. A bar ta a mazauninta, a sanar da dagaci da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin kabari sau ɗaya ake tone shi.